Darasi na 7: Ruwa a Cikin Tsohuwar Mota

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mota idan ta tsufa, robobin ƙofa da na gilashi sukan bushe su tsattsage, ƙananan ramukan da aka yi don ruwa ya fita kuma su toshe da ƙura da ganye. Mai mota yakan fara jin warin danshi, ko ya tarar gilashi ya yi hazo ta ciki da safe, ko ya taka kafet ruwa ya tsattsafo.

Kada ka raina wannan. A ƙarƙashin kafet akwai soso mai kauri da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi, kuma shi ne yake shanye ruwan. Saman kafet zai iya bushewa sarai alhali soson yana jiƙe sharkaf. Ƙarƙashin soson kuwa ƙarfen mota ne da wayoyin wuta. Ƙarfe ya yi tsatsa, wayoyi su fara ba da matsala, fumfuna kuma takan soma fitowa cikin awa 24 zuwa 48. Shaƙar ta yana cutar da yara da masu asma.

Wane irin ruwa ne?

Kafin ka taɓa komai, ɗauki farin ƙyalle ka danna a inda ya jiƙe, ka duba, ka sunsuna. Idan ruwan fari ne tas, ba wari, to na sama ne ko na na'urar sanyaya mota. Idan kuwa yana da launi, kore ko ja-ja ko ruwan lemo, yana da santsi a yatsa da ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne. Yana fitowa daga ƙaramin lagireton hita, wato na'urar ɗumama cikin mota, da ke ɓoye a bayan dashbod. Alamarsa ta biyu ita ce ruwan inji ya riƙa raguwa ba ka ga inda yake zuba a waje ba. Wannan aikin bakanike ne, kuma na gaggawa, don inji zai iya yin zafi ya lalace. Ruwan nan guba ne: kada ka ɗanɗana, kada yara ko dabbobi su kai gare shi. Kada kuma ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi.

Lura da lokacin da kafet yake jiƙewa. Bayan ruwan sama ko wankin mota, daga waje ruwan ya shigo. Idan gari a bushe yake, amma gefen fasinjan gaba ya jiƙe bayan ka kunna na'urar sanyi, ƙaramin tiyon da ke zubar da ruwanta ne ya toshe. Shi ne yake ɗigar da ruwa a ƙasa idan ka faka mota. In ɗigon ya daina, ruwan ciki yake komawa.

Neman hanyar ruwa

A nan ne ake bukatar haƙuri, domin inda ruwa ya taru ba lallai nan ya shigo ba. Yakan bi waya ko gefen ƙarfe ya gangara can nesa. Ku zama mutum biyu. Ɗaya ya zauna ciki da tocila, ƙofofi a rufe, ɗaya ya riƙa zuba ruwa a hankali daga waje. A fara daga ƙasa a hau sama, wuri ɗaya bayan ɗaya, ana dakatawa 'yan mintuna a kowane wuri. Idan aka fara daga rufi, ruwa zai wanke ko'ina, ba za a gane komai ba.

Wurin da ya fi yaudarar mutane shi ne kwarin da ke gindin gilashin gaba, inda waifa suke. Duk ruwan gilashi nan yake sauka, ya fita ta ramuka a gefe da gefe. Buɗe bonet ka leƙa. Sau da yawa za ka tarar da ruɓaɓɓen ganye ya zama laka ya toshe ramukan, ruwa ya cika ya bi hanyar iskar fanka ya zubo kan ƙafafu. Kwashe lakar da hannu, ka zuba ruwa ka ga ya fito a bayan tayar gaba.

Robar ƙofa kuma gwada ta da takarda: rufe ƙofa a kanta ka ja. In ta zare ba wuya, robar ba ta kamawa a wurin. A ƙasan kowace ƙofa ma akwai ramukan fitar ruwa. In ka ji ruwa na motsi cikin ƙofa, su ne suka toshe. Motar da ke da taga a rufi tana da siraran tiyo, yawanci 4, ɗaya a kowace kusurwa. A buɗe su da abu mai laushi, kada a tura waya mai tsini ta huda su. A but kuwa, ɗaga safaya ka duba raminta, sannan robar bayan fitilu.

Ina roƙonka kada ka yi saurin shafa gam a duk inda ka yi zato. Mutane da yawa sukan liƙe ramin da aka yi don ruwa ya fita, matsalar ta ƙaru.

Busarwa

Sai an hana ruwa shigowa busarwa take da amfani. Cire tabarmin ƙafa, ka ɓalle robar bakin ƙofa, ka ɗaga kafet ka tokare shi da katako. Matse soson da tawul har ya daina fitar da ruwa, ka bar ƙofofi a buɗe a rana ko ka sa fanka. Zai iya ɗaukar kwanaki. Soson da ya ruɓe yana wari, a canza shi, turare ba ya maganinsa. Idan sai an cire kujera, a fara cire kan batir, musamman in an ga wayoyi masu ruwan ɗorawa, domin na jakar iskar da ke kumbura ta kare mutum a haɗari ne.

Kafin ka mayar da kafet, duba ƙarfen. Tsatsar sama-sama a kankare ta a shafa fenti. In ta riga ta huda, kai wa mai walda ba tare da jinkiri ba, don ramin da ruwa ke shiga hayaƙin salansa ma zai bi ta nan, kuma a cikinsa akwai iska mai kisa wadda ba ta da wari.