Yadda zaki karanta Pride and Prejudice har ki kai ƙarshe

'Yar'uwa in an ɗora miki littafin nan na Jane Austen a makaranta nan Katsina, kar ki fara da ƙamus a cinya, wallahi babi uku zaki yi ki aje. Turancin 1813 ne, ki tsallake kalmar da ta shige miki duhu ki bi labarin kawai.

Da farko ki gane maganar gado, nan ne gishirin. 'Yan mata biyar gidan Bennet ba namiji, kuma in uban ya rasu wani dangi ne zai gaji gidan, Mista Collins, ba irin namu ba da mace ke da kasonta, shi ya sa uwar ta bi ta tada hankalin kowa sai ta aurar da su. In kin gane wannan zaki daina ganinta mai surutun banza, ni dai wata gwaggona take tuna min.

Ki samu takarda ki rubuta sunaye don suna da yawa. Babi 61 ne, biyu kullum bayan isha'i ya isa, in an ɗauke wuta ki haska da waya. Wasiƙar da Darcy, jarumin littafin, ya rubuta kuwa ki karanta ta sau biyu.

Amma fa kar ki jira wani abin tashin hankali, daga ziyara sai rawa sai shan shayi, masu aikin gida da ƙyar zaki ji bakinsu, kuma Ingila na yaƙi da Faransa lokacin amma sojojin cikin littafin kwarkwasa kawai suke da su Lydia, autar gidan Bennet.