Yadda za ki kare ƙwaƙwalwar jaririnki tun yana ciki

Ƙwayoyin halittar da muka gada suna ɗauke da wasu ƙananan alamomin sinadari masu kunna wannan su kashe wancan, kamar makunnin fitila. Shi ne masana ke kira efijenetiks. Yunwa, fargaba da hayaƙin taba duk suna iya taɓa alamomin nan a jikin jariri tun yana ciki.

Ki fara da abinci. A yunwar da ta afka wa ƙasar Holan daga 1944 zuwa 1945, yaran da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar wahalar sun fi sauran kamuwa da ciwon sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, kusan ninki biyu. Ki ci ki ƙoshi, ki sha ƙwayar bitamin ta folik asid tun farkon ciki. Taba kuwa, ko ta maigida ce, a fita da ita waje.

In kin sauka lafiya, ki yawaita ɗaukar jaririn. A 2004 masanin ƙwaƙwalwa Michael Meaney da abokan aikinsa sun nuna cewa 'ya'yan ɓerayen da uwa ke yawan lasa sun fi jure firgici, domin alamominsu sun bambanta. Ɓera ba mutum ba ne, amma ni wannan ya ishe ni in ce ki rungume shi. Idan baƙin ciki ya danne ki bayan haihuwa, kada ki ɓoye, ki gaya wa likita da wuri.