Kurakuran da mafarauta ke yi wajen zaɓen zanen saiti a madubin bindiga

Mai sayen madubin bindiga yakan gwada shi ne da rana tsaka, a cikin shago mai haske, yana leƙen farin bango. A nan kowane zanen saiti, wato layukan da ake gani a cikin madubin don auna abin harbi, tar yake fitowa. Amma barewa da aladen daji sun fi fitowa da asuba ko gab da magariba, kuma zaɓen zanen saiti ya kamata ya bi wannan lokacin ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar zane mai siraran layuka da ɗigo-ɗigo barkatai, irin na masu gasar harbin nesa. Ka ɗora shi a kan baƙin aladen daji a dajin Jamus bayan rana ta faɗi, sai layukan su narke cikin gashin dabbar, ido ya yi ta lalube, kafin ka ankara ta shige duhuwa. Shi ya sa mafarautan can suka daɗe da zanen da ake kira lamba 4: sanduna uku masu kauri, hagu da dama da ƙasa, suna jan ido zuwa tsakiya. Zanen Duplex da kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962 ma haka yake, kauri a gefe, siriri a tsakiya. Ga wanda harbinsa bai wuce mita 200 ba, ni dai ban ga abin da ya fi waɗannan biyun ba.

Sai masu ruɗuwa da zanen BDC, wato mai nuna yadda harsashi ke saukowa idan nisa ya ƙaru, mai alamomi a ƙasa na mita 200 da 300 zuwa sama. An auna alamomin ne da wani harsashi mai nauyi da gudu na musamman. Ka canza harsashi, ko bakin bindigarka ya fi gajarta, lissafi ya tashi. Ga kuma tarkon da da yawa ba su sani ba: a yawancin madubin farauta zanen ba ya girma idan an zuƙo hoto, don haka alamomin suna daidai ne a mataki ɗaya kawai, galibi na ƙarshe. Madubi mai zuƙowa daga 3 zuwa 9, ka bar shi a 4 ka dogara da ɗigo na biyu, harbin zai tashi sama. Gyaran ba shi da wuya: ka je filin gwaji da harsashin da za ka yi farauta da shi, ka harba kowace alama, ka rubuta ainihin nisanta. Dabbar da aka raunata ta gudu da ciwo, alhakinta na wuyan wanda ya ƙi yin wannan.

Kada a haɗa zane mai awon mil da makunnin juyi (wanda ake murɗawa a gyara saiti) mai awon MOA. Duka biyun ma'aunin kusurwa ne, ba mil na tafiya ba. Mil ɗaya santimita 10 ne a mita 100, MOA ɗaya kusan santimita 2.9. Awon zanen da na makunnin su zama iri ɗaya, shi ke nan.

Bindiga mai watsa ƙwayoyin dalma kuwa, irin ta masu farautar talotalon daji a Amurka, ba ta bukatar zanen nesa ko kaɗan. Da'ira mai ɗigo a tsaka ta wadatar. A kula da tazarar ido da madubi, domin tokarinta da ƙarfi, ta sha fasa wa mutane gira.

Mai zane mai fitila, ya rage hasken zuwa ƙasa sosai da yamma, don jan haske mai ƙarfi yana kashe ido ya rufe dabbar. Idan kuma zanen yana yi maka dishi-dishi, ba lallai madubin ne ya lalace ba. Cire harsashi, ka duba sararin sama nesa da rana, ka riƙa juya zoben da ke kusa da ido kaɗan-kaɗan har layukan su fito tsaf da kallon farko.