Yadda Ake Riƙon Karen Gadi Ba Tare da An Zalunce Shi Ba

A layinmu akwai gidan da suka sayo ɗan kwikwiyo bayan ɓarayi sun haura musu katanga har sau biyu. Suka ɗaure shi a jikin turke bayan ɗakin janareta, da igiyar roba a wuya. Kwikwiyo yana ta girma, igiya tana nan yadda aka ƙulla ta. Ranar da na gan shi, igiyar ta nutse cikin naman wuyansa, wurin ya ruɓe, ƙudaje sun yi masa caa, kwanon ruwansa a kife ya bushe ƙamas. Mutanen gidan ba mugaye ba ne, kowa dai yana zaton wani ya duba shi. Yawancin wahalar da karnukan gida ke sha a garuruwanmu haka take farawa, da sakaci.

Ko mene ne ra'ayinka kan ajiye kare, da zarar ka kawo shi gidanka ka ɗaure, cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyanka. Tun muna makarantar allo muke jin hadisin mutumin da ya shiga rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallage, Allah Ya gafarta masa. Ga yadda za ka sauke wannan nauyi.

Fara da ruwa da inuwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafin jikinsa, shi ya sa kake ganin harshensa a waje. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Kano, kejin kwano da rana ke duka tanda ne. Mai da shi ƙarƙashin darbejiya ko rumfar zana, inda iska ke ratsawa. Samo kwano mai nauyi wanda ba zai kifar ba, a wanke a sake ruwa safe da yamma. Ka ɗora tafin hannunka a kan simintin da yake kwanciya da azahar. In ba ka iya jurewa, shi ma ba ya iyawa. Karnukan waje masu yawan gashi, waɗanda ake ta yayinsu yanzu, sun fi namu na gida shan wahalar zafi nesa ba kusa ba. In ka ga haki ya tsananta, yawu na dalala, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka jiƙa masa ciki da ƙafafu da ruwan randa, sannan a garzaya asibitin dabbobi.

Na biyu, sarƙa. Nan ne aka fi cutar da su. Mutane da yawa sun yarda cewa sai an ɗaure kare dare da rana, an hana shi ganin mutane, an hore shi da yunwa, har a zuba masa barkono a abinci, kafin ya yi zafi. Abin da wannan ke haifarwa shi ne kare mai tsoro, mai tsoro kuwa ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maigida. Ranar da sarƙar ta tsinke, wanda ya fi kusa shi zai fara cizo. Gadi ɗabi'arsa ce, ba sai an azabtar da shi ba. Wanda ya ƙoshi ya san mutanen gidansa ya fi saurin yi wa baƙo haushi. Ware masa wani lungu na tsakar gida ka kewaye, inda zai tashi ya zagaya ya yi kashi nesa da makwancinsa. In ɗaurin ya zama dole da rana saboda masu shige da fice, a yi sarƙar da tsawo, a kwance shi da dare bayan an rufe ƙofa. Abin wuyan ya zama na fata ko ƙyalle mai faɗi, kada waya, kada igiyar roba. Duk mako ka zura yatsu biyu tsakaninsa da wuyan. In ba su shiga ba, ya matse.

Abinci ba sai na kanti ba. Tuwo ko shinkafa da ɗan kifi, ƙwai dafaffe, tarkacen nama daga mahauta da aka tafasa, sun wadatar. Babba sau biyu a rana, kwikwiyo sau uku ko huɗu. Amma ƙanzo zalla da ruwan wanke-wanke ba abinci ba ne. Kiyaye shi daga albasa da tafarnuwa masu yawa, suna lalata masa jini. Cakulan da inabi ma suna cutar da shi. Ƙashin kaza dafaffe yana tsagewa ya soke hanji.

Sai kaska da ƙazuwa. Buɗe kunnuwansa da tsakanin yatsunsa, nan kaska ke taruwa, musamman da damina. Tana shan jini, tana kuma sa zazzaɓin da ke mai da dasashinsa fari fat. Roƙona a nan ɗaya ne: kada a shafa masa baƙin mai, kada kananzir, kada fiya-fiya ko maganin feshin gona. Na sha ganin an yi wa kare wanka da irin waɗannan, ya lashe jikinsa, kafin la'asar yana kakkarwa yana kumfa. Likitan dabbobi yana da maganin wanka da allura da aka auna daidai nauyin kare. Kada kuma a ba shi farasitamol da sauran magungunan ciwon jiki na mutane, suna iya kashe shi. Maganin tsutsar ciki kuma duk wata uku ga babban kare.

Allurar haukar kare ita ce ba a wasa da ita, don ta shafi ran iyalinka. Ana yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a maimaita duk shekara, a adana katin. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana sarrafa wannan rigakafi, kuma akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ban da na jihohi. Wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, wasu wurare kan yi allurar kyauta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tashi. In kare ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Karen kuma a killace shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likita, maimakon a taru a kashe shi da duwatsu. Tambayi likitan har da allurar cutar amai da gudawar jini da ke kwashe 'yan kwikwiyo.

Hana yara jifansa da jan wutsiyarsa, kai ma ajiye bulala. Kada a yanke masa kunne ko jela da reza wai don ya yi kyau ko ya yi faɗa. In karya ce kuma ba ka son 'ya'ya, likita na iya yi mata aikin hana haihuwa. Ya fi a zuba jarirai a buhu a kai bola. In ta haihu, a bar su da uwarsu mako takwas kafin a raba.

Idan a gidan maƙwabci ka ga irin wannan hali, kada ka shiga da faɗa. Ni da na je gidan nan na layinmu, bayan mun gaisa da maigidan cewa na yi, "Alhaji, karen nan naku wuyansa ya yi ciwo, ko in kira likita ya duba shi?" Ya ce wallahi bai lura ba. Washegari likita ya zo ya yanke igiyar, ya wanke ciwon, ya yi masa allura, muka mai da turken gindin mangwaro. Ciwon ya ɗauki kusan wata guda kafin ya rufe, kuma har yau gashi bai sake fitowa a zagayen wuyan ba.