Yadda ake zaɓen bindiga guda da za ta yi harbin faifai ta kuma yi farautar tsuntsu

Harbin faifai, wato wasan harbin ƙananan faya-fayan yumɓu da na'ura ke cillawa sama, da farautar tsuntsu 'yan gida ɗaya ne, amma buƙatunsu sun sha bamban. A filin wasa mutum yana tsaye wuri guda yana harba harsashi hamsin ko ɗari a yini, don haka yana son bindiga mai nauyi wadda ba za ta farfasa masa kafaɗa ba. A daji kuwa yana iya yin tafiyar awa biyar ya yi harbi goma kacal, nan nauyi ya zama kaya. Wanda kuɗinsa na bindiga ɗaya ne dole ya nemi tsaka-tsaki, kuma ana samu. A filayen Ingila da Amurka da Italiya, inda wannan wasa ya kafu, masu bindiga ɗaya da yawa sun tsaya kan abu kusan iri guda: geji 12, baki biyu ɗaya bisa ɗaya, bututu mai tsawon inci 28 ko 30, matsin baki da ake musanyawa, nauyi kilo 3.3 zuwa 3.5. Ga yadda ake isa can.

Fara da doka

Kafin ka taɓa bindiga a shago, san irin wadda dokar inda kake ta yarda ka riƙe. A Birtaniya 'yan sandan yanki ne ke ba da takardar izini ta shekara 5, kuma dokar 1968, bayan gyaran da aka yi mata a 1988, ta ce bututun kada ya gaza inci 24, rumbun harsashi kada ya ɗauki fiye da biyu. Yawanci sai an ga kana da akwatin ƙarfe mai makulli da aka kafe a bango. A Amurka, mai farautar tsuntsaye masu ƙaura kamar kurciya da agwagwar ruwa ba ya ɗura fiye da harsashi uku. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu cikin waɗanda Sufeto Janar na 'yan sanda ke ba wa lasisi, amma ta ware mai ɗura wa kanta sabon harsashi bayan kowane harbi, da mai famfo wadda ake ja mata katakon gaba a tura don ta ɗura, daga wannan rukuni. Wannan kaɗai ya isa ya yanke wa mutum hukunci a kan irin da zai nema.

Geji da ɗakin harsashi

Geji tsohon awo ne: yawan dunƙulen darma masu faɗin bututun da za su cika laba ɗaya. Shi ya sa lamba ƙarama take nufin bututu babba. Geji 12 faɗinsa kusan milimita 18.5 ne, geji 20 kuwa 15.6. Ɗauki 12. Harsashinsa ya fi samuwa, ya fi araha, kuma ana samunsa daga mai ƙwayoyin giram 21 na koyo har giram 36 da abin da ya fi na dinya. Mutane da yawa suna saya wa mace ko matashi geji 20 da tunanin ba ya shuri. Sau da yawa akasin haka ake samu, domin bindigar ba ta da nauyin da zai shanye ƙarfin. Geji 12 da harsashin giram 21 ya fi geji 20 mara nauyi da giram 28 sauƙi a kafaɗa.

Ɗakin harsashi shi ne ƙarshen bututu ta baya inda harsashi ke zama, kuma tsawonsa a rubuce yake a jikin ƙarfen: milimita 70 ko 76, tsofaffin bindigogin Ingila kuma 65. Nemi 76, domin yana karɓar gajeru duka. A nan akwai tarko. Ana auna tsawon harsashi ne bayan bakinsa ya buɗe, don haka mai 76 yana shiga ɗakin 70 lafiya lau, sai an harba ya rasa wurin buɗewa, ƙarfin hayaƙin albarushi ya hau fiye da kima. Haka kuma kada harsashin geji 20 ya kwana a aljihu ɗaya da na 12. Idan ya faɗa bututun 12 yakan zarce ya maƙale a ciki, a ɗura na 12 a bayansa, bututun ya tarwatse a hannun mai shi.

Wane irin gini

Mai baki biyu ɗaya bisa ɗaya ita ce zaɓi na farko, da dalilai uku. Tana da matsin baki biyu, ɗaya na kusa ɗaya na nesa. Tana cin kowane harsashi, mai ƙarfi da mara ƙarfi, tun da ba ta dogara da ƙarfinsa wajen ɗuri ba. Idan kuma aka karya ta, wato aka buɗe ta a gaɓarta, kowa a filin yana gani daga nesa cewa ba za ta tashi ba. Beretta 686 Silver Pigeon ta garin Gardone a arewacin Italiya, da Browning B525 da Citori waɗanda kamfanin Miroku ke ƙerawa a Japan, su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi, kuma kayan gyaransu ba sa wuyar samu. Na Turkiyya irin su Yildiz da ATA sun fi araha ƙwarai, suna kuma isar mai harbi jefi-jefi. Mai niyyar harba dubbai a shekara gara ya sayi Beretta ko Miroku ta hannu mai lafiya.

Mai ɗura wa kanta iri biyu ce. Wadda ke aiki da hayaƙin albarushi, kamar Beretta A400 ko Remington 1100, ita ce mafi taushi a kafaɗa, amma tana tara dauɗa, kuma idan ba a goge ƙofofin hayaƙin ba sai ta fara riƙe kwanso. Wadda ke aiki da ƙarfin shurin kanta, kamar Benelli M2, ta fi tsabta, amma takan ƙi juya harsashi mara nauyi irin na giram 21 ko 24. Ga mai farautar agwagwa cikin taɓo da ruwa, mai ɗura wa kanta da ƙotar roba ta fi dacewa. Mai famfo, irin Remington 870 da ta fito a 1950 ko Mossberg 500, ba ta mutuwa kuma ba ta da tsada, sai dai jan hannun tsakanin harbi biyu yana kawar da saiti idan faifai biyu suka tashi tare.

Bututu, nauyi da matsin baki

Tsawon bututu bai cika ƙara wa harbi nisa ba. Aikinsa daidaita lilon bindiga ne a bayan abin da ke tashi. Gajeren bututu, inci 26, yana saurin tashi yana kuma saurin tsayawa, tsayar da bindiga a tsakiyar lilo kuwa shi ne babban abin da ke sa harbi ya faɗi bayan tsuntsu. Inci 32 yana tafiya sumul a fili amma yana sarƙewa a kurmi. Inci 28 ya fi wa mai yawan shiga daji, inci 30 ya fi wa mai yawan zuwa fili.

Maƙeran Ingila suna da tsohon lissafi: nauyin bindiga ya ninka nauyin ƙwayoyin harsashi sau 96. Giram 32 ke nan yana son bindiga mai kilo 3 da ɗan ɗoriya. Wannan na farauta ne. Don harbi ɗari a jere ƙara giram 300 zuwa 400. Ɗora bindigar a kan yatsa daidai ƙusar da take karyewa a kai. Idan ta tsaya ko ta ɗan rinjaya gaba kaɗan, madalla.

Matsin baki shi ne ƙuntatawar da ke bakin bututu, wadda ke hana ƙwayoyi saurin watsuwa. Ana gwada shi da da'ira mai faɗin inci 30 daga nisan yadi 40. Bututu mara matsi yana zuba kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙwayoyin a cikin da'irar, matsin kwata wajen 55, matsin rabi 60, cikakken matsi 70. Sayi wadda ake ɗaura matsin da zare ana kwancewa. Sa kwata a bututun ƙasa, rabi a na sama, ka bar su haka. Wannan ya isa kurciya da makwarwa da zabon daji da kusan duk faifan da za a jefo maka ƙasa da yadi 40. Sababbin maharba suna garzayawa ga cikakken matsi, sai su riƙa kuskuren na kusa, wanda suka samu kuma ya dagargaje ba ya ciyuwa. Duk bayan harbi kwance matsin, goge zaren, shafa masa maiko kaɗan. Wanda aka bari da danshi yakan yi tsatsa ya like, wanda ya saki kuma hayaƙi yakan shiga bayansa ya kumbura bakin bututun.

Duba jikin ƙarfen ko akwai tambarin fure mai kunne uku, alamar an gwada bindigar da harsashin ƙarfe mai ƙarfi. Amurka ta hana darma a farautar tsuntsayen ruwa tun 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana ta a fadamu daga 2023. Ƙarfe bai kai darma nauyi ba, don haka ana ƙara girman ƙwaya da lamba biyu, kuma ba a harba mai ƙarfinsa ta matsin da ya wuce rabi, domin ba ya lotsewa kamar darma.

Dacewa da jiki

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Wannan bindiga ba ta da saitin baya. Idonka ne saitin, ƙota ce kuma ke ajiye idon inda ya kamata. Bindiga mai tsada da ba ta zauna maka ba za ta riƙa harbi inda ba ka duba ba, kullum, ko ka ƙware ko ba ka ƙware ba.

Fara da sanin idon da ke jagora. Buɗe idanu biyu, nuna wani abu mai nisa da yatsa, rufe na hagu. Idan yatsan bai gusa ba, na dama ne jagora. Idan ya yi tsalle, na hagu ne. Mai harbi da kafaɗar dama alhali idon hagu ke jagora zai riƙa zuba harbi hagu da abin. Sabon shiga gara ya koma kafaɗar hagu tun da wuri, ko ya liƙa ɗan tabo a gilashin tabarau daidai idon hagun.

Sai tsawon ƙota, daga kunama zuwa tsakiyar gindi. Na shago yawanci santimita 36 zuwa 37.5 ne. Sa rigar da za ka yi harbi da ita, ɗora bindigar, wani ya duba tazarar hancinka da gindin babban yatsanka: yatsu biyu zuwa uku. Idan ƙotar ta yi gajarta, yatsa zai bugi hanci. Idan ta yi tsawo, za ta riƙa kama riga a hammata ta zauna a dantse, ka tashi da kumburi a hannu. Wannan gyara ne mai sauƙi, ana ƙara roba ko a yanke katako.

Tudun ƙota inda kunci ke kwanciya ya fi wuyar gyara. Tabbatar da idonka cewa bindigar ba komai a ciki, tsaya gaban madubi, rufe ido, ɗora ta a kunci da kafaɗa, sannan buɗe. Ya kamata ƙwayar idonka ta zauna daidai bisa doron bututu, a tsakiya. Idan ta nutse, tudun ya yi ƙasa, za ka ɗaga kai ko ɗaya idon ya karɓe aikin. Idan ta yi sama sosai, harbin zai wuce ta sama. Idan ta karkata gefe, lanƙwasar ƙotar ba taka ba ce, kuma bahago ya lura, domin yawancin na shago an lanƙwasa su ne don na dama. Guji bindigar da aka ƙera musamman don wasan tirap, nau'in harbin faifai da ake cilla faifan daga gabanka yana nisanta: da gangan aka ɗaga tudunta don ta yi harbi sama, tun da faifan can kullum hawa yake yi. Kana son wadda ke zuba rabi sama rabi ƙasa, ko kashi 60 sama 40 ƙasa.

Tabbatar da haka a allo. Tsaya yadi 16 daga babban allon gwaji mai ɗigo a tsakiya, ɗora bindiga ka harba ba tare da dogon saiti ba, sau biyar. Duba inda tsakiyar tabon ya taru. Kowane inci ɗaya na kauce a allo yana nufin gyaran kashi ɗaya cikin 16 na inci a ƙota, wato kusan milimita ɗaya da rabi. Wannan lissafi za ka kai wa maƙeri. Ƙota mai tudun da ake ɗagawa da sukurori tana rage wannan wahala, kuma ta cancanci ƙarin kuɗinta.

Idan ta hannu ce

Cire katakon gaba, riƙe ƙota, girgiza bindigar. Duk wani motsi tsakanin bututu da jiki yana nufin ta saki. Dubi hannun buɗewa na sama: a yawancin bindigogi yana ɗan karkata dama idan da sauran rai, idan ya wuce tsakiya zuwa hagu makullin da ke riƙe bututu ya ci. Rataye bututun a yatsa ka ƙwanƙwasa da farce. Lafiyayye yana ƙara kamar ƙararrawa, wanda ɗorinsa ya fara ɓallewa yana amo a dushe. Ɗaga shi wajen haske ka nemi ramukan tsatsa, lotsawa ko zoben kumburi. Duba katako inda ya haɗu da ƙarfe, nan tsaga ke farawa. Tambayi ko makullin kunama yana komawa da kansa idan an karya bindigar: na farauta yawanci yana komawa, na wasa ba ya komawa, kuma dole hannunka ya san wanne ke gare ka.

Kada ka biya sai ka harba aƙalla harsashi 25 da ita. Filaye da yawa a Ingila da Amurka suna ba da aron bindiga da malami na awa guda. Je da abin toshe kunne da tabarau, da giram 24 ko 28 mai ƙwayar milimita 2.3 don faifai, wanda ke ɗauke da ƙwaya wajen 400 a giram 28. Don makwarwa da zabo kuma sai ka koma giram 30 zuwa 32 mai ƙwayar milimita 2.6 zuwa 2.8, ka sake gwada shi a allo, domin kowane bututu da irin harsashin da ya fi watsawa daidai.