Darasi na 9: Inabi Mai Jure Cuta

Toh 'yan uwa, duk mai gonar inabi ba abinda ke hana shi barci kamar fumfuna. Iri biyu ce. Ɗaya fara ce kamar an barbaɗa gari akan ganye da 'ya'ya, har 'ya'yan su tsage. Ɗayar kuma zaka ga ɗigo rawaya a saman ganye kamar mai ya ɗiga, in ka juya bayan ganyen sai kaga farin abu kamar auduga, ita wannan ruwan sama da raɓa take so.

Dukkansu daga Amurka suka shiga Turai, ta farko wajen 1845, ta biyu a 1878, kuma inabin Turai da ake matsewa a yi giya bai san su ba balle ya iya kare kansa. Shi yasa manoma suka dogara da feshin farar wuta da maganin tagulla, wani ya fesa sau goma a shekara ko fiye, ga kuɗi ga wahala ga tagullar tana taruwa a ƙasa bata ruɓewa.

Sai masana suka ce ai inabin daji na Amurka da cutar ya tashi, na Asiya ma yana jure ta, bari ai barbararsu da na Turai. A haka aka samu Regent, baƙin inabi da aka haɗa a Jamus a 1967, da Solaris fari a 1975. Faransa ma ta fitar da huɗu a 2018: Artaban, Vidoc, Floreal da Voltis. Jamusawa PIWI suke ce ma irin waɗannan.

Amma fa ku saurara da kyau, nan ne abin ya fi damuna. Mai jure cuta ba wai baya kamuwa bane sam. In ka jingine injin feshi gaba ɗaya fumfunar zata saba da irin, tai ƙarfi, ta karya garkuwar, kuma hakan ya riga ya faru da Regent a wasu gonaki. Aikin shekaru ashirin na haɗa irin kenan ya tafi a banza! Dan haka a fesa sau biyu ko uku, musamman dab da fure da bayansa, a riƙa rage ganyen da ya lulluɓe nonon inabin dan iska ta ratsa ya bushe da wuri.

Aikin wannan sati: bayan ruwa ya ɗauke ka zaga gona, ka juya ganye ashirin ka duba bayansu, ka rubuta nawa ne suka kamu da kwanan watan a littafinka.