Kurakuran da aka fi yi wajen sayen babbar waya ta farko

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san yadda ake yi. Kafin ka gama kafe babur, samari uku sun kewaye ka, kowa na cewa "Alhaji, wacce za a kawo?" Wanda ya saba ya san amsar da zai bayar. Wanda kuwa yau ne zai rabu da 'yar ƙaramar wayarsa mai madanni, sau da yawa ido ne ke yi masa zaɓi: faɗin sikirin, kalar zinare, idanun kamara huɗu a baya. To, a wayoyi masu sauƙin kuɗi, ɗaya daga cikin idanun nan ne ke ɗaukar hoto na gaske, sauran 'yan rakiya ne. Kada yawansu ya sa ka ƙara ko naira ɗaya.

Abin da ya kamata ka fara tambaya shi ne wurin ajiya. Waya mai 32GB tana da araha, amma Android ɗin kanta da manhajojin da kamfani ya zuba sun riga sun ci babban kaso tun kafin ka kunna ta. Sai ka shiga WhatsApp, a saka ka a rukunin dangi, da na masallacin unguwa, da na tsofaffin 'yan aji. Wa'azi, bidiyon biki, gaisuwar Juma'a mai furanni, kullum sai an turo. Kafin wata biyu waya ta fara kukan wuri ya cika, ta yi nauyi, hoto ma ya ƙi ɗaukuwa. Ka nemi mai 64GB aƙalla, in da hali 128GB. Kuma ranar farko ka shiga saitin WhatsApp ka hana bidiyo sauka da kansa, ka tsira da wuri, ka tsira da data.

Akwai kuma wayon da ake yi da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke aiki da ita, wadda ke sa ta sauri. Za ka ga an rubuta 8GB ɓaro-ɓaro a jikin kwali, amma in ka duba da kyau sai ka ga 4+4. Huɗun farko ne na asali. Na biyun aro ne daga wurin ajiya, kuma ba ya sauri kamar na gaske. Idan za ka gwada waya biyu, lambar farko za ka kalla. Batir kuwa ba sai an tsawaita ba, kowa ya san halin wuta a ƙasar nan. Mai 5000mAh ya zama ruwan dare ko a wayoyi masu araha, don haka babu dalilin ɗaukar wanda bai kai ba. A tabbatar tana ɗaukar 4G, kuma ba tsohon yayi ba ce sosai, domin tun 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai 5 ba.

Inda aka fi shan wahala shi ne wayar da wani ya riga ya yi amfani da ita, wadda ake kira 'yar Landan ko da ba ta taɓa wuce Legas ba. Ni ban ce kada a saya ba, akwai masu kyau ƙwarai. Amma kada ka miƙa kuɗi sai ka danna *#06#. Lambobi 15 za su fito, su ne IMEI, wato lambar shaidar wayar. In da kwali, ka gwada su da na jikinsa. A rubuta maka su a rasit, tare da sunan shago da lambar mai shi. Wayar sata idan aka bi sawunta, wanda aka same ta a hannunsa ake fara kamawa, kuma "a bakin titi na saya" ba ta fitar da mutum a ofishin 'yan sanda. Sannan mai sayarwa ya cire asusun Google ɗinsa, ko iCloud in iPhone ce, a gabanka, a goge wayar, a sake kunna ta ka ga ta buɗe ba ta nemi sunan kowa ba. Akwai kuma wayoyin da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan. Idan mai ita bai gama biya ba ya sayar maka, ranar da lokacin biya ya wuce kamfanin zai kulle ta a hannunka.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici kuwa bayan an gama ciniki ake yin sa. Kawuna ya sayi sabuwa fil, yaron shago ya ce, "Baba, kawo in haɗa maka komai." Cikin minti biyar ya buɗe masa Gmail, ya sa kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani, Kawu ya yi godiya har da tukuici. Bayan wata shida jikarsa ta yi ta wasa da wayar, ta canza zanen kulle, ita ma ta manta. Muka kai wayar aka yi mata filashin, wato aka goge komai na kanta, tana tashi ta ce sai an sa asusun da ke kanta a da. Na ce, "Kawu, mene ne adireshin?" Ya ce, "Ai yaron nan ne ya sani." Muka koma shagon, aka ce yaro ya daɗe da barin aiki. Lambobin abokan kasuwancinsa na hatsi da aka kwashe daga tsohuwar waya duk suna cikin asusun nan.

Don haka ko wa zai buɗe maka, a sa lambar layinka a matsayin ta dawo da asusu, layin da ke da rajista da NIN ɗinka, ba na wani ba. Adireshin da kalmar sirrin a rubuta su a takarda. Takardar nan ka haɗa ta da rasit ka sa a cikin kwalin wayar ka adana, domin ko garanti za ka nema, misali a Carlcare da ke gyaran Tecno da Infinix da itel, shaidar saye za ta yi maka amfani.